Ƙidaya da Amana: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Koya Kafin Ya Ƙirga Mutane

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta da ta ratsa Diffa zuwa Gigime a shekarar 2016 ya ga bukkokin tamfol da na zana jere a gefenta, zango bayan zango. Mutanen da ke cikinsu sun baro Boso da tsibiran tafkin Cadi da ƙauyukan bakin Komadugu, wasu tun harin Fabrairun 2015, wasu bayan na 3 ga Yunin 2016. Da wuya a sami ɗaya daga cikinsu da ba a rubuta sunansa ba. Ma'aikatan gwamnati sun rubuta, ƙungiyoyin agaji sun rubuta, daga baya aka zo da na'urar ɗaukar zanen yatsu da hoton ƙwayar ido. Yawancin masu riƙe da takardun tambayar samari ne da ƴan mata masu karatun zamani, waɗanda aka horar na ƴan kwanaki aka tura. An koya musu yadda ake cika gurbi, ba a cika tsayawa an tattauna da su kan abin da mutum ke miƙawa idan ya ba da sunansa ba.

Abin da a yau ake kira kimiyyar bayanai, wato tara alƙaluma masu yawa da tace su da kwamfuta domin a yanke shawara, ya shiga manhajar jami'o'i a duniya. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ta fi karkata ga aikin gona da muhalli, amma ɗalibinta ma ba ya rabuwa da jadawali: ruwan sama, amfanin gona, yawan dabbobi, yawan gidaje. Tambayar da ke gaban malamai ita ce ko aikinsu ya tsaya ga koyar da lissafin, ko kuwa haƙƙin waɗanda ake lissafawa ma darasi ne da ke wuyansu.

Akwai malaman da ke ganin wannan ba huruminsu ba ne, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa sa'o'in karatu kaɗan ne, na'urori ba su wadata ba, ɗalibi bai gama gane matsakaicin adadi ba balle a ɗora masa falsafa. Suna ƙarawa da cewa tarbiyya daga gida ake zuwa da ita. Wanda iyayensa ba su koya masa riƙon amana ba, darasin wata uku ba zai koya masa ba. Rabin maganar gaskiya ne. Sai dai akwai cutarwar da mutumin kirki kan yi saboda bai san sana'arsa ba. Ɗalibi mai gaskiya zai goge sunaye daga jadawali ya ɗauka ya rufa asiri. A Amurka, Latanya Sweeney ta nuna a shekarar 2000 cewa lambar unguwa da ranar haihuwa da jinsi kaɗai sun isa a gane kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen ƙasar. To ina ga ƙauye mai gida arba'in a bakin kogi? Idan jadawali ya ce mace ce mai shekara talatin da ƴaƴa biyar, mijinta ya ɓace, kowa a ƙauyen ya san ta, kuma kowa zai yi tambayar inda mijin ya tafi. Uwa ba ta koya wa ɗanta wannan a gida, domin ba ta san shi ba. Malamin lissafi ne ya san shi.

Kuma a wannan yanki jerin sunaye ba abin wasa ba ne. An kashe mutane saboda zargin tsegunta wa soja, an tsare wasu saboda zargin taimaka wa ƴan Boko Haram, sannan ga tubabbun da aka tara a cibiyar Gudumariya, waɗanda komawarsu cikin jama'a ta dogara ga wanda ya san tarihinsu da yadda ya san shi. Duniya ta riga ta ga abin da kan faru. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana cewa bayanan da hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara daga ƴan Rohingya sun isa, ta hannun Bangaladash, ga gwamnatin Myanmar da suka gudo wa. A Janairun 2022 aka gano cewa an kutsa cikin na'urorin Red Cross ta duniya an kai ga bayanan mutane fiye da 515,000. Ba a tara waɗannan bayanai da mugun nufi ba. Takarda ce kawai ta fi niyyar marubucinta daɗewa, kuma ba ta zaɓen mai karanta ta. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum a 2017, ta sake ta a 2022, akwai kuma hukumar da aka ɗora wa kula da ita. Ya kamata ɗalibi ya karanta dokar. Amma doka tana maganar yarda, ita kuwa yarda a sansanin Sayam ko a zangon bakin hanya tana da wuyar sha'ani. Matar da aka ce ta dangwala yatsa kafin ta karɓi buhun gero ta yarda ne, ko yunwa ce ta yarda a madadinta? Babu amsa mai sauƙi, domin ba tare da rajista ba wasu za su karɓa sau biyu wasu su rasa. Abin da za a iya koyarwa shi ne kada a tambaye ta abin da rabon geron bai buƙata ba, a gaya mata da harshenta inda amsarta za ta je, kuma a tsayar da ranar da za a goge ta.

Wani wurin da ɗabi'a ke ɓuya shi ne guraben da ke kan takardar tambaya. A Diffa an raba masu ƙaura gida uku: ɗan gudun hijira daga Najeriya, ɗan Nijar da ya dawo daga Najeriya, da wanda ya yi ƙaura a cikin ƙasa. Kowane gurbi yana da dokarsa da hukumar da ke kula da shi. Amma Komadugu, da taswira ta mai da shi iyaka, ga Mobar mazauna gaɓarsa mashaya ce da gona. Mutum an haife shi a Damasak, ya yi aure a Shetimari, yana noma a ƙetare, kuma bai taɓa mallakar takardar haihuwa ba. Wane gurbi ne nasa? Saurayin da ke riƙe da alƙalami zai zaɓa cikin daƙiƙa kaɗan, kuma zaɓin nan zai bi mutumin shekaru. Haka kalmar gida: takardar da aka tsara da Faransanci tana nufin masu ci a tukunya ɗaya, alhali mai amsawa, Babarbare ne ko Bafillace ko Batube ko Buduma, yana iya nufin duk wanda ke ƙarƙashin inuwar maigida. Ga kuma makiyayin da kakanninsa suka san jangali, wanda ba ya faɗin adadin shanunsa ga baƙo. Ɗalibin da ya ɗauki wannan a matsayin ƙarya ko jahilci bai fahimci jadawalinsa ba.

Tafkin Cadi ma darasi ne a kansa. An sha maimaitawa a manyan taruka cewa ya ragu da kashi 90 cikin 100, ana kwatanta faɗinsa na kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 da yadda ya koma bayan farin shekarun 1970 da 1980. Alƙaluman ba ƙage ba ne. Sai dai an fara awon daga lokacin cikar da ba a saba gani ba, aka tsaya a lokacin ƙafewa mafi tsanani, kuma masu bincike da suka bi hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna cewa ruwan ya farfaɗo daga baya, yana cika yana janyewa. Wanda ya zaɓi shekarar farawa ya riga ya zaɓi labarin. Idan labarin ya ce tafki mutuwa yake, kuɗi za su bi manyan ayyukan jawo ruwa. Idan ya ce sauyawa yake, sai a dubi masunci da manomi da makiyayi da ke bin sauyin. Ba a buƙatar aji na musamman don a nuna wannan. Malami ya ba ɗalibai jerin shekarun, ya sa kowane rukuni ya fara daga shekara dabam, su ga yadda zanen ke juyawa.

Duk da haka, kuskure ne a fitar da ɗalibi yana tsoron ƙidaya. A 2017 cutar hanta nau'in E ta ɓarke a Diffa, ta fi kashe mata masu juna biyu. Sai da aka haɗa rahotannin asibitoci aka gane cewa annoba ce, aka bi sawunta zuwa gurɓataccen ruwan sha a zangunan masu ƙaura. Rashin ƙirgawa ma zalunci ne, kuma ya fi faɗawa kan marar murya. Lokacin da dokar ta-ɓaci ta 2015 ta hana kabu-kabu da kamun kifi da cinikin tattasai, wanda ake wa kirari da jan zinariyar Manga, hare-haren da aka ji tsoro suna da masu ƙirga su. Bashin manomi da auren da aka fasa da yaron da aka cire daga makaranta ba su da yawan masu ƙirgawa. An ɗage hanin tattasai a 2017, na kifi a 2019. Wanda ya iya auna asarar da ke tsakani ya yi wa jama'a aikin da kuka kaɗai ba ya yi.

Saboda haka idan aka ware darasin ɗabi'a aka ajiye shi a ƙarshen shekara, a hannun malamin da bai taɓa buɗe jadawali ba, ɗalibai za su haddace shi don jarrabawa su manta. Gara ya shiga cikin aikin kansa, har ya taɓa maki. Ɗalibin da ya kawo lissafi daidai amma bai faɗi wanda ya tara bayanan ba, da harshen da aka yi tambaya, da waɗanda ba a samu a gida ba, aikinsa bai cika ba. Ƙasar Barno ba baƙuwar wannan horo ba ce: malaman zaure sun daɗe suna tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, kafin su karɓi magana.

Saura abu ɗaya da ƙungiyoyin al'adu za su iya taimakawa a kai. Mazauna kwarin Komadugu sun amsa tambayoyi masu yawa tun 2015, amma kaɗan ne suka taɓa jin sakamakon. Ana auna tsawon ruwa a Bagara, ambaliya kuma ta ci unguwanni da gonaki a 2019 da 2022. Manomin da ke gane zuwan ruwa daga launinsa yana da abin da zai ƙara wa ma'aunin, yana kuma da haƙƙin jin abin da ma'aunin ya ce. Jami'a na iya sharɗanta cewa ɗalibi ba zai kare kundinsa a gaban malamai ba sai ya koma ƙauyen da ya yi bincike, ya zauna gaban bulama da jama'a, ya karanta musu abin da ya samo da Barbarci ko Fulatanci ko Hausa, ya rubuta gyaran da suka yi masa a shafi na ƙarshe.