Kura da Shan Bugu: Wai Helen Ce Ta Cinye Garin?

'Yar'uwa, in kin taɓa kallon fim ɗin nan mai suna Troy da ya fito a 2004, wanda Wolfgang Petersen ya shirya, na san kin ji abin da 'yan kallo kan faɗa da zarar an gama: "Kai, mace masifa ce! Dubi yadda mace ɗaya ta sa aka ƙone gari guda." Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na ce bari mu zauna mu auna ta.

Labarin tsoho ne ƙwarai. Tushensa tatsuniyoyin Girkawa ne da waƙar Iliad ta mawaƙinsu Homa, kufan garin Taroi kuwa yana ƙasar Turkiyya ta yau. Faris, ɗan sarkin Taroi, ya sauka baƙunci a gidan Menelawus sarkin Sifata. Ya ci ya sha, da zai tafi sai ya gudu da Helen, matar mai masaukinsa. Girkawa suka yi gangami, aka ce da jiragen ruwa dubu, suka yi wa garin ƙawanya. A tatsuniyar shekara 10 aka yi ana gwabzawa, kafin su shiga ta dabarar dokin katako su banka wa garin wuta.

To, ba zan wanke Helen tas ba. Matar aure ce, kuma a fim ɗin da ƙafarta ta bi saurayi. Wannan cin amana ne ko a wace ƙasa. Amma in ɓera da sata, ai daddawa ma da wari. Faris fa? Shi da aka shimfiɗa wa tabarma ya saka da tsiya, me ya sa ba a kama sunansa kamar yadda ake kama nata?

Ki sake duba fim ɗin da idon basira. Agamemnon, wan Menelawus, tun kafin a ɗauke Helen yake haɗiyar yawu a kan Taroi, yana cin ƙasashen Girka ɗaya bayan ɗaya. Da ƙanensa ya zo masa da kuka, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ga babbar shaida: a fim ɗin Hekta ya kashe Menelawus tun yaƙin bai yi nisa ba. Mai mata ya mutu, to me ya rage? Da don Helen aka zo, da sai kowa ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Amma ina! Yaƙi ya ci gaba. Har ita Helen ɗin ta yi yunƙurin miƙa kanta ga Girkawa ko a samu lafiya, Hekta ya tare ta, ya nuna mata cewa mulki ake nema, komawarta ba za ta kashe wutar ba. Kura da shan bugu ke nan, gardi da kwashe kuɗi.

Ni wadda ta fi tsaya mini a rai ma ba Helen ba ce. Andoromaki ce, matar Hekta. Baiwar Allah ba ta gudu ba, ba ta ci amanar kowa ba, tana ɗakinta tana renon jaririnta. Duk da haka a kan idonta Akilis ya kashe mata miji, ya ɗaure gawar a bayan keken doki ya ja ta a ƙasa. Sai da tsoho Firiyam, uban Hekta, ya lallaɓa cikin dare ya sumbaci hannun wanda ya kashe masa ɗa, sannan aka ba shi gawar.

Masu fim ɗin 2004 sun tausaya mana, sun bar Andoromaki ta tsere da ɗanta ta wata ɓoyayyiyar hanya. Tsohon labarin ya fi haka ɗaci. A wasan kwaikwayon da Yurifidis ya gabatar a Atina shekara 415 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda Michael Cacoyannis ya mayar fim a 1971 da sunan The Trojan Women, an jeho yaron ne daga kan ganuwa, uwar kuma aka tafi da ita baiwa. Wannan fim babu ƙarar takubba a cikinsa, sai mata zaune cikin toka suna jiran a raba su kamar ganima. Maza sun tafi da kirari, mata aka bari da takaba.

Me ya sa ake saurin ɗora wa mace? Saboda ya fi sauƙi. Sarki ba zai fito ya ce kwaɗayi ne ya kawo shi ba, gara ya ce mutuncin ƙanensa yake karewa. Kuma mu mata mukan taya a yi mana wannan ɗaurin. In wa da ƙane suka ɓata, kafin kowa ya buɗe baki mu ne za mu ce, "Ai tun da ya auro wance zumunci ya lalace." Alhali in aka tona, wata gona ce ko gidan gado suke ja tun kafin a san da ita.

Don haka 'yar'uwa, duk ranar da kika ji an ce mace ce ta raba gida, kada ki yi saurin sa baki. Tambayi kanki abu biyu: wa ya ci riba da rigimar, kuma wa aka bari da hawaye? Mai laifi a faɗa mata laifinta daidai gwargwado, kada a ɗora mata kayan da ba nata ba. Wadda kika taya a jefa yau, gobe ba ki san kan wa dutsen zai faɗa ba. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma tsare mana harsunanmu, amin.