Ɗan Gangara mai babban digiri: wa ke bin sa bashi?

Idan ɗan manomi daga Gangara ya kammala digiri na farko a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, sa'an nan ya samu gurbin digiri na biyu ko na uku a wata ƙasa, gari kan yi murna, daga baya a shiga zulumi. Shekara biyu zai yi a mataki na biyu, uku ko fiye a na uku. Uban da ya sayar da damman gero da raguna domin karatunsa yakan tambayi kansa ko yaron zai dawo. Tambayar da ta dace malamai su duba ita ce: shin ilimin da jama'a suka yi wa wahala bashi ne a wuyan mai shi, kuma da me ake biyansa?

Masu cewa wajibi ne ya dawo suna da hujja a ƙofar gida. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a yankin Ollelewa, cikin gundumar Tanut, mai iya tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem. Kamfanin CNPC na Sin ya riƙe kashi 60 cikin 100, gwamnatin Nijar kashi 40. Raba ɗanyen mai ta hanyar zafi zuwa fetur da gazuwal da gas ɗin girki aikin injiniyan sinadarai ne. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka sallami wasu shugabannin kamfanonin mai ƴan Sin uku, bisa ƙorafin tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Ƙasar da ƙwararrunta suka watse tana ciniki da rauni a kan arzikinta. Ga masu wannan ra'ayi, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ɗaya ɓangaren ma ba maganar banza yake yi ba. Wannan irin ilimi yana rayuwa ne a ɗakin gwaji, da lantarki mai ɗorewa, da abokan bincike. Masanin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da aka dawo da shi inda babu na'urar aikinsa, cikin ƴan shekaru iliminsa zai dushe, shi ya yi asara, garin ma bai ci riba ba. Bugu da ƙari, uban da ya kai ɗansa makaranta kyauta ya yi masa. Kyautar da aka ɗaura wa igiya ta koma jingina, kuma ɗa ba kayan jingina ba ne.

Abin da ya faru a wannan yanki yana taimakawa wajen warware gardamar. Farin da suka afka wa Sahel a 2004 sun haɗu da ƙarancin ruwa, aka shiga yunwar 2005. Tun kafin nan shirin LUBILOSA, wanda ya fara a 1989, ya samar da maganin fara mai suna Green Muscle daga wani naman gwari da aka samo a jikin fara a Nijar. Masu binciken sun yi aiki tsakanin Ingila da Benin da Nijar. Haka nan rigakafin sanƙarau na MenAfriVac, da aka fara yi wa jama'ar Nijar a 2010, a Indiya aka sarrafa shi, a kan farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba, ya kuma karya lagon nau'in A na cutar. Duk ayyukan biyu an yi su nesa da Damargu, amma matsalar Sahel suka sa gaba.

Ke nan bashin gaskiya ne, domin bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai ma'auninsa shi ne tambayar da masani ya zaɓa ya ɓatar da rayuwarsa a kanta. Wanda ke zaune a Faransa yana binciken kurumta da farfaɗiyar da sanƙarau ke bar wa yara, yana kuma horar da ɗalibai daga gida, yana biya. Wanda ya dawo ya zauna a ofis a Yamai, takardar digiri rataye a bango, bai biya kome ba tukuna.

Bashin kuma yana da fuska biyu. Hukumar da ke son ƴaƴanta su dawo, wajibinta ne ta tanadi ɗakin gwaji da albashin da ba wulakanci a cikinsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nauyi mafi kusa yana kan malamin makarantar Gangara ko Belbeji. Shi ne zai iya nuna wa yaro tun yana ƙarami cewa tsutsar da ke cin zangarniyar gero, da ɗanɗanon ruwan rijiya, da ƙanen da ya kurumce bayan zazzaɓi, duk tambayoyin kimiyya ne da suka cancanci digiri na uku. Yaron da ya tafi da irin waɗannan tambayoyi a zuciyarsa, ko ya daɗe a waje, aikin garinsu yake yi.