Launin Daji da Amanar Mai Zane

A ƙarshen shekarun 1960, wata mai sassaƙa a Kaliforniya ta ƙasar Amurka, Miriam Rice, ta dafa laimar kwaɗi tare da zaren ulu, sai zaren ya rine rawaya. A 1974 ta wallafa ɗan littafi kan wannan rini, daga baya kuma ta sarrafa takarda da allin zane daga gare ta. Masu zane suka yi maraba: ga launi daga daji, ba daga man fetur ba.

To amma fitowar abu daga daji ta isa ta wanke shi daga laifi? Sau da yawa launi ba ya kama ulu sosai sai da mahaɗi. Wasu mahaɗan, irin su gishirin kuromiyom, guba ne ga marini da ruwan da ake zubarwa. Shi ya sa da yawa suka tsaya ga alif da ƙarfe. Haka nan wasu nau'o'in da ke manne a jikin itace sukan yi shekaru suna girma, ana cire su cikin minti guda.

Ke nan asalin abu bai isa shaida ba. Sai an duba yadda aka ɗebo shi, da abin da aka bari a baya. Mai zanen da ya ƙawata bango ya talauta daji, bashi ya ci, jikokinsa ne za su biya. Kyau na gaskiya yana tafe da sanin iyaka.