Tsufan Roba

Duk gidan da ya daɗe da wutar lantarki, shaidar tana nan a bangonsa. Makunni da soket ɗin da aka sa fari fat ranar tarewa, yau sun koma ruwan ɗorawa. Haka fanka, haka mariƙin firji, haka tsohuwar kwamfuta. Uwargida ta dirje da omo, ta dirje da toka, launin bai motsa ba, don ba dauɗa ba ce. Da yawa daga cikin waɗannan kaya da robar da ake kira ABS aka yi su, kuma iskar oksijin ce ke cin jikinta sannu a hankali, rana da zafi suna ƙara wa abin sauri. Ko a kwali aka ɓoye ta cikin duhu ba ta tsira ba, jinkiri kawai ta samu.

A 2008 masu tara tsofaffin kwamfutoci a Turai suka yaɗa wata dabara da suka sa wa suna Retrobright. Ana shafa wa robar haidirojin, dangin wanda ake wanke ciwo da shi, amma mai ƙarfi irin na masu rinin gashi, a naɗe ta da leda, a shanya a rana na wasu sa'o'i. Dole sai da safar hannu, a kuma kiyaye ido, don yana ƙona fata. Robar kuwa takan yi fari har mai ita ya riƙe baki.

Ban ga laifin wannan ba. Gyara ya fi zubarwa, kuma almubazzaranci ba halin mumini ba ne. Sai dai waɗanda suka daɗe a harkar sun san abin da ke biyo baya: bayan watanni ko 'yan shekaru launin yakan dawo, domin saman kawai aka taɓa. Ƙarfin da robar ta rasa ya tafi ke nan. Wata rana za ka zo kwance noti, kunnen robar ya ɓalle a hannunka. Masu goge fitilar mota da samfefa ma sun san haka. Idan ba a sake shafa mata kariya ba, kafin shekara ta zagayo ta sake dusashewa.

To ɗan'uwa, iskar da ke cin wannan roba ita muke shaƙa dare da rana, kuma kowane numfashi ragi ne daga adadin da aka rubuta mana. Mu ma muna da namu gyare-gyaren. Ranar da aka buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari tas, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a sauya launin, a guji baƙi. Ashe addini bai hana mutum ya gyara kansa ba. Abin tsoro shi ne ya yi rini, ya dubi madubi, ya gaskata madubin. Kwana kaɗan furfurar za ta sake leƙowa daga tushe, gwiwa kuma ba ta san an yi rini ba.

Hadisi ya zo cewa shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne da 70, kaɗan ne ke wucewa, shi kansa fiyayyen halitta a 63 ya koma ga Ubangijinsa. Wanda ya kai 40 ya zauna ya yi lissafi. Matasa nawa muka sallata a bana, ko gashi ɗaya bai yi fari a kansu ba? Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wannan robar da muke tausaya wa ta fi mu tsawon kwana. Ƙasa ba ta cin ta da wuri. Tana iya yin shekaru aru-aru a juji. Fankar da mutum ya ɓata yini yana wanke ta, da ita za a zauna rabon gadonsa. Kuma kafin magada su taɓa ko tsinke, sai an fara tambaya: wa yake bin sa bashi, amanar wa ke hannunsa, me ya bari na wasiyya? Da yawa sun tafi ba su rubuta ko ɗaya ba, aka bar 'ya'ya da mata suna rantse-rantse a gaban alƙali.