Gilashin waya da haƙƙin makaho

Tsohuwar salula mai maɓallai tana da ɗan ƙullutu a kan lamba 5. Makaho yakan ɗora babban yatsa a kansa, ya san 2 tana sama, 8 tana ƙasa, ya buga kiransa bai roƙi kowa ba. Tun da iPhone ta fito a 2007, Android ta biyo baya, fuskar waya ta koma gilashi sumul, kuma irinta ce ke ƙara cika teburan masu sayar da waya a Birnin Ƙonni da kasuwar Badagishiri. Yatsa ba ya jin komai a kanta. Da yawa sukan ce wannan ma cikin jarrabawar makaho yake, sai haƙuri. A ganina an gwama abu biyu da ba ɗaya ba. Rashin gani ƙaddara ce, amma siffar kayan aiki zaɓin ɗan Adam ne, kuma abin da mutum ya zaɓa za a tambaye shi a kansa.

Gilashin nan ya fi maɓalli sauƙin sarrafawa. Maɓallin roba yana nan inda aka dasa shi, na kan gilashi kuwa zane ne: a faɗaɗa shi, a matsar da shi, a sa shi magana. Tun 2009 akwai VoiceOver a iPhone da TalkBack a Android. Yatsa na yawo, murya na faɗin abin da ya taɓa, a ƙwanƙwasa sau biyu ya buɗe. Mai rawar hannu ma ana iya ƙara masa lokacin taɓawa. Ke nan iko ya samu, kuma a fiƙihu nauyi yana bin iko. Yaron da ke tura wa mutane karatun Alƙur'ani da finafinai a bakin tasha zai iya kunna wannan murya cikin minti guda, da an koya masa. Babban giɓin shi ne muryar galibi Faransanci ko Turanci take yi, tsohon da ya makance a wani ƙauyen Illela kuwa Hausa yake ji. Samar masa da ita a harshensa ya yi kama da farillar da in wasu suka ɗauka ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari laifin ya hau kan kowa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, amma Suratu Abasa ta riga ta nuna nauyin kau da kai daga makahon da ya zo neman sani.

Za a ce ai makaho yana da ɗan jagora, ko jika mai danna masa. Taimako alheri ne, sai dai ba ya maye gurbin sirri. In ɗansa mai noman albasa a Galmi ya turo masa kuɗi ta waya, dole ya faɗa wa wani lambarsa ta sirri, wani ya san abin da ya shigo da abin da ya rage. Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda surar ta sauka a kansa, Manzon Allah (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa. Wanda addini ya ga ya isa riƙon gari bai kamata a hana shi riƙon asusunsa ba.

Wasu za su yarda da wannan, su tsaya a kan wasannin waya, su ce lagawu ne, rashinsu ba asara ba ne. Ko shakka babu akwai wasan da ke cinye lokacin salla, akwai na caca, waɗannan hukuncinsu ɗaya ne ga mai ido da makaho. Amma dara ramuka ce a ƙasa da ƴaƴan da hannu ke laluba, shi ya sa makaho ke iya zama cikin tsaransa a inuwa, ya ci, a ci shi. Da wasa ya koma kan gilashi mara murya, abin da ya rasa shi ne wannan zama da jama'a, kuma masu ƙera wasan da masu sayar da wayar suna da ikon mayar masa da shi.