Ɗana, Fanshonka Ba Irin Na Mahaifinka Ba Ne

Ɗana, na san kana aikinka tsakaninka da Allah, kuma a ranka kana ganin ranar da ka cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 a bakin aiki, gwamnati za ta riƙe ka kamar yadda ta riƙe iyayenka. Ban ga laifinka ba, haka muka tashi muka tarar: mutum ya ajiye aiki, a ba shi giratuti, sannan duk wata a biya shi daga baitulmali gwargwadon albashinsa na ƙarshe da shekarun da ya yi. Sai dai bashi ya yi wa wancan tsari katutu, har ta kai ana ganin dattawa da fayil a hammata suna wuni a layin tantancewa, wasu ma rai ya yi halinsa ba su karɓi haƙƙinsu ba. Shi ya sa a 2004, zamanin Obasanjo, aka yi dokar da ta kafa hukumar PenCom, aka buɗe wa ma'aikaci asusu da sunansa. A 2014 aka sake gyara, ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, wanda kake wa aiki ya ɗora aƙalla kashi 10.

To ka natsu a nan, domin nan ne mutanen kirki irinka suke yin sake. Wannan asusu rumbu ne, abin da aka zuba da ribar da ya haifa shi za ka ɗiba, babu ƙari. Don haka idan an cire a takardar albashi amma ba ka ga saƙon shigarsa a wayarka ba, kada kunya ta sa ka yi shiru. Doka ta ba mai aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, kuma wata guda da ya salwanta kana ɗan shekara 30 ya tafi ne da ribar da zai yi ta tarawa har tsufanka. Ka je ofishin kamfanin fanshonka, ka nemi bayanin asusu, ka duba sunanka da ranar haihuwarka harafi-harafi tun kana da ƙarfin hawa bene. In ba su kyauta maka ba, tun 2020 kana da damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara.

Sai ranar ritaya, ranar da zuciya za ta ce ka kwashi mai tsoka ka yi auren yara, ka gyara gida, ka sauke farali. Duk abubuwa ne masu kyau, ban hana ka ba, amma ka sani duk abin da ka ɗauka a dunƙule daga na wata-wata aka rage shi, kuma da na wata-watan nan za ka sayi maganin hawan jini da buhun masara. Haka nan kashi 25 ɗin da ake bari wanda ya rasa aiki ya cira bayan wata 4, in ba dole ta kama ba ka bar shi ya kwana.

Kuma ko ka kiyaye duk wannan, ina jiye maka tsadar rayuwa. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuɗin ɗan fansho kuwa ba sa bin kasuwa da irin wannan gudu. Saboda haka tun yanzu ka kama wata sana'a da hannunka ya sani, gona ce ko kiwo ko ɗan shago, ka koye ta kana da albashin da zai ɗauki asarar koyo, kada ka bari sai da kuɗin sallama za ka fara gwaji. In kuma jiha kake wa aiki, ka tambayi ƙungiyarku wace doka ce ta hau kanku, domin kowace jiha da tata dokar, sannan ka zaunar da maiɗakinka ka nuna mata lambar asusun da inda takardun suke.