Fatawa: Hukuncin Faɗin Ra'ayi Kan Siyasa da Addini a Bainar Jama'a

TAMBAYA

Malam, ni ɗan kasuwa ne a Talata Mafara, ina cin kasuwannin Bakura da Maradun. Bayan Isha'i mukan zauna teburin mai shayi, hira ta faro daga tsadar taki, ta ƙare a kan 'yan siyasa. Mahaifina ya ce in kama bakina, wai siyasa ba ta mai addini ba ce. Abokina kuma ya ce duk wanda bai bi ɗan takararsu ba ya ci amanar Musulunci. Ya halatta in faɗi ra'ayina a fili?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, ya halatta, wani lokaci ma wajibi ne. Hadisin Tamimud Dari da Muslim ya ruwaito ya sanya nasiha ga shugabanni da talakawa cikin ƙashin bayan addini. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara. Da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Sallar Layya, Shehu ya ƙi karɓar kyautarsa, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Maganar mulki ke nan daga bakin malami, a gaban sarki.

Sai dai abokinka ya yi kuskure babba. Zaɓen ɗan takara ijtihadi ne, ana dacewa ana kuskurewa. Dubi gwamnonin Zamfara da suka fito daga garuruwan da kake cin kasuwarsu: Bakura ta ba da Ahmad Sani Yarima, wanda ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999, Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari a 2011, Maradun ta ba da Bello Matawalle, wanda ya hau a PDP a 2019, ya koma APC a 2021. Sun haɗu, sun rabu, mabiyansu kuma sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a. Abin da ke sauyawa haka ba a auna imanin mutum da shi.

Saboda haka ka kiyaye sharuɗɗa huɗu. Ka faɗi abin da ka tabbatar, kamar yadda aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarta. Saƙon WhatsApp ba shaida ba ne. Ka soki aiki, ka bar mutunci. Ka ce "a ganina", kada ka jingina wa Allah zaɓinka. Kada ka kafirta kowa, domin kalmar takan dawo kan mai ita. Mutanen Mafara ba su manta Agustan 2016 ba, lokacin da zargin ɓatanci ya kai ga salwantar rayuka 8. Hukunci na alƙali ne, ba na taron jama'a ba.

Mahaifinka kuwa, ka zauna da shi cikin ladabi ka ji dalilinsa. In tsoron abin da zai same ka yake yi a wannan hali na 'yan bindiga, ka bi shi, shirunka ba laifi. In kuwa ya ɗauka haramun ne, ka karanta masa wannan amsa da tattausar murya.

Allah ne Mafi sani.